Farfelar Rani a Kan Jan Ruwa

Watan da ya wuce wani matashi ya zo rumfata a bakin gulbi, ma'aikacin gwamnati ɗan Damagaram, takalminsa sai sheƙi yake. Shi da abokansa sun haɗa jirgi mai faɗi, irin wanda ake shimfiɗa katako a kan jerin tanuna biyu, wato gangunan ƙarfe, a yi masa rumfa da kujeru, wai za su riƙa yawo da baƙi ranar Lahadi. Ya miƙo mini salularsa ya nuna mini hoton farfela, wadda mu nan Yamai muka fi kira elis.

Ya ce, "Baba Illa, irin wannan nake so. An ce ita ta fi gudu."

Na ce, "Mutum nawa za ka ɗauka?"

"Takwas, ko goma."

"Ba ranar daɗi nake tambayarka ba. Ranar da ba ka iya ce wa kowa ya sauka, mutum nawa?"

Ya yi dariya, a zatonsa surutun tsufa ne. Na ce ya je ya kawo jirgin, ya kawo abokan da matansu da duk wanda zai yarda ya biyo su, in ba haka ba hannuna ba zai taɓa moter ɗinsa, wato injin jirgin, ba. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo bayan kwana uku da jama'arsa, ya koma da farfelar da ba ita ya zo nema ba.

Ku yaran yanzu kuna ganin aikin nan ba aiki ba ne. A zare ƙusar makulli, a kwance noti, a cire tsohuwa a sa sabuwa. Gaskiya ne, wannan ko mai wankin kaya a bakin ruwa zai iya in ka ba shi kile, wato sifana. Abin da ya ci mini shekara talatin da wani abu shi ne sanin wadda za a sa. A cibiyar kowace farfela akwai lamba biyu. Ta farko faɗinta ce. Ta biyu takunta ne, wato nisan da take jan jirgi a juyi guda. Mai dogon taku, kamar sha biyar, ta ƙaramin kwale-kwale ce mara kaya, tana tafiya da shi kamar iska. Mai gajeren taku, kamar tara, mai faffaɗan kunnuwa, ta jirgin kaya ce. Ba ta gudu, amma ba ta bari ruwa ya fi ƙarfinta. Jakin da aka labta wa kaya ba ya hawa tudu da dogon taku. In ka sa wa jirgi mai nauyi farfela mai dogon taku, moter ba zai iya juya ta yadda ya kamata ba, sai ya yi ta nishi, ya sha esansi, wato fetur, ya baƙanta buji, wato filogi, ƙarshe ya mutu a hannunka.

Ban koyi wannan a lakkol, wato makarantar boko, ba. Ubana Ba'adare ne, yana sayar da katako a kasuwar Katako, ni kuma nake raka kaya zuwa wurin masu sassaƙa jirgi a Tondibiya. A can na ga Baba Sumana, Bazabarme, masunci ne da ya koma gyaran moter tun lokacin da motocin jirgi suka fara shigowa gulbin nan. Na tsaya kallonsa rana ɗaya, na sake dawowa washegari, har ubana ya gaji ya kai ni da kansa ya ce ga shi nan amana.

Baba Sumana ba ya karanta lamba. Da tafin hannu yake shafa kunnen farfela ya gaya maka takunta, kuma bai taɓa kuskure ba a gabana. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne gwaji. Ba ya gwada farfela a jirgi wofi. Yakan ce jirgi wofi maƙaryaci ne, kowace farfela ka sa masa zai ce ta yi. In ya gama ɗaurawa sai ya tsaya a bakin gaɓa ya yi ta kiran mutane, masu sayar da kifi, masu wanki, masu ɗiban yashi, har jaki na taɓa gani an tura ciki. Sai jirgi ya nutsa zuwa inda yake nutsawa ranar kasuwa, sannan ya fuskanci ruwa ya buɗe wuta, ya karkata kai yana saurare. In muryar moter ta tashi ta tsaya fes, ta yi. In ta tsaya a maƙogwaro, a koma gaɓa. Kuma kowane jirgin kaya sai ya sa mai shi ya ajiye farfela biyu, domin gulbinmu ba ɗaya ba ne duk shekara. Da rani ruwan kwance yake, yaro ma yana ƙetarewa da filafili. Da damina jan ruwa yake zuwa, mai laka da ƙarfi, yana tafe da itatuwa da kainuwa. Da sanyi kuma baƙin ruwa ya gangaro daga yamma.

Gidansa yana kan wani tsibiri ƙasa kaɗan da Tondibiya. Mutanen tsibirin ba sa binne mamaci a can, domin ko kamu biyu ka haƙa ruwa kake tararwa. Maƙabartarsu tana kan tudu a gaɓar Tondibiya, a can kakanninsu suke. Duk lokacin da muka wuce ta wurin a jirgi sai ya sassauta moter ya yi wa iyayensa addu'a. Wata rana ya nuna mini wata aduwa a kan tudun ya ce, "Tsohona yana ƙarƙashinta, tsohuwata tana gefensa. Akwai gurbin mutum ɗaya da ya rage, na gaya wa kowa nawa ne. Illa, in ranar ta zo, kai za ka duba moter ɗin da zai ƙetare da ni." Na ce Allah ya ja da rai. Ya ce ba addu'a ya roƙe ni ba, aiki ya ba ni. Duk tsawon zamana da shi, abin da ya taɓa nema a wurina ke nan.

Jirgin da tsibirin ya dogara da shi na Alhaji Idi ne, Bamaraɗe mai fataucin kayan lambu. Manyan kwale-kwale biyu aka jera, aka haɗe su da katako aka yi dandamali a sama, muna ce masa bak. Yana ɗaukar kabewa da albasa da tumaki da babura, da moter mai doki arba'in a baya. Baba Sumana da kansa ya zaɓa masa farfela, mai taku tara, kunnuwa huɗu. Da idonsa ya yi rauni ya koma zaman gida, sai aikin bak ya dawo hannuna.

A ranin shekarar da nake ba ku labari, Alhaji Idi ya same ni ransa a ɓace. Matan lambu sun fara gudun bak ɗinsa suna shiga ƙananan jirage, wai kafin kunkurun Alhaji ya iso gaɓa ganyen salatinsu ya yi yaushi.

Ya ce, "Kai Illa, mi ya hana wanga jirgi gudu? Doki arba'in na saya, ba jaki arba'in ba."

Na ce, "Alhaji, elis ɗin kaya ce ke gare shi."

"To wane kaya ka gani yanzu? Kwandon salati? Ka sa mai wadda ka tahiya."

Maganarsa ba ƙarya ba ce. Da rani kayan ba nauyi, ruwan kuma ba ƙarfi. Na samo mai taku sha biyar na ɗaura. Rana ce ta tsakiyar mako, bakin gaɓa ba mutane sosai, ni kuma ina da wani aiki yana jirana a unguwar Kalley. Na ce wa Hamidu, matuƙin bak ɗin, mu ɗan zaga mu biyu. Jirgi ya tashi yana yanka ruwa, Hamidu yana dariya har hularsa ta faɗa gulbi. Na san gwajin banza na yi, amma na ce ai na rani ne kawai, da ruwa ya fara ja zan mayar da tsohuwar. Tsohuwar kuma kunnenta ɗaya ya ɗan ɓalle a kan dutse, sai na kai ta Katako wurin masu narka alminiyam, waɗannan da ke zuba tukwane, na ce a cike mini. Mai aikin ya ce in dawo jibi.

Ban koma jibi ba. Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, gulbi ya cika ya shiga lambuna, injinan ban ruwa suka nutse, aka yi ta jibge mini su a rumfa har ba wurin sa ƙafa. Sau biyu Hamidu ya zo ya ce moter yana hayaƙi kuma muryarsa ta canza in an yi lodi. Sau biyu na goge masa buji na ce ya rage kaya, gobe zan shiga Katako. Katako ba Makka ba ce, tafiyar rabin awa ce a babur. Ban je ba.

Wata safiya aka aiko mini cewa Baba Sumana ya rasu tun jiya da magariba. Na shiga ƙaramin kwale-kwale na ƙetara, sai da muka isa tsibirin na tuna da abin da ke rataye a Katako. An yi masa wanka, an yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar. Tun da hantsi mutanen Tondibiya sun haƙa kabari a ƙarƙashin aduwar, suna can suna jira. Aka ɗora makara a tsakiyar bak, babban ɗansa Hasan ya zauna a wajen kai. Sai maza suka fara shiga.

Ku da ba ku tashi a bakin ruwa ba, ku fahimci wani abu. A ranar kasuwa matuƙi yana iya cewa jirgi ya cika, a jira sahu na biyu, har a yi zage-zage. A rakiyar gawa ba a faɗin haka. Wanda ya sa ƙafa don ya raka mamaci lada yake nema, ba mai bakin da zai ce masa sauka. Baba Sumana kuma ba wanda bai gyara wa moter ba a yankin nan. Tsofaffi suka shiga, masunta suka shiga, baƙin da suka zo daga ƙauyuka suka shiga. Mun haura talatin. Na ga bakin kwale-kwalen biyu ya rage taƙi ɗaya ruwa ya shafe shi.

Hamidu ya ja igiya, moter ya tashi, ya sa giya. A daƙiƙar farko na ji. Muryar ta tsaya a maƙogwaro, irin wadda Baba Sumana yake cewa a koma gaɓa. Muna nan a inuwar tsibiri, ruwan bai fara janmu ba, taku biyar ne tsakaninmu da ƙasa. Da na ɗaga hannu na ce rabinmu su sauka, da mun ƙetare. Amma ni Bahaushe ne baƙo a cikin dangin mamaci, ga dattawan da suka girmi ubana, kuma in na buɗe baki tambayar da za ta biyo baya ita ce me ya sami moter, wa ya sa masa wannan elis. Kunya ta kama ni. Na sunkuyar da kai na ce a raina wataƙila ya kai mu.

Muna fita daga bayan tsibirin jan ruwa ya karɓe mu. Maƙabartar tana sama da mu kaɗan, dole a fuskanci ruwa a riƙa yankawa a karkace. Hamidu ya murɗa wuta har ƙarshe. Moter ya yi gurnani, hayaƙi baƙi ya tashi, jirgi ya tsaya cik kamar an ɗaure shi. Na sa ido a kan aduwar da ke tudu don in auna. Ta tsaya daidai hancin jirgi na ɗan lokaci, sannan ta fara matsawa gaba, wato mu ne muke komawa baya. Hamidu ya dube ni. Wasu suka zura gora ba ta taɓa ƙasa ba. Filafili biyu ne a jirgin, masunta suka kama suna tuƙi da iya ƙarfinsu, amma bak ba kwale-kwale ba ne. Sai moter ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na durƙusa a kansa na buɗe murfi. Buji sun yi baƙi ƙirin, sun jiƙe. Ina kwancewa ina jin dattawa a bayana suna ta kalmar shahada a hankali, ba wanda ya yi ihu. Da na ɗaga kai sai na hango mutanen da suka haƙa kabari a tsaye a kan tudu, fararen rigunansu a jere, suna kallonmu muna wucewa da gawar da suke jira. Wani ya biyo gaɓa da gudu yana ɗaga hannu har ya gaji ya tsaya.

Na sa sababbin buji, moter ya tashi, amma lokacin mun yi nisa kuma ruwan ya riga ya tura mu tsakiya, yana karkata da mu zuwa hayin Gurma, ɗaya gaɓar gulbin. Komawa sama ba zai yiwu ba. Abin da ya rage shi ne mu bi ruwa mu nemi inda za mu dafa ƙasa kafin itacen da ke yawo ya buge mu. Muka faɗa cikin wata fadamar shinkafa da ruwa ya shanye, kusa da wani ƙauye da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Mutanen ƙauyen suka shigo ruwa har ƙirji, suka karɓi makara a ka suka fita da ita.

La'asar ta wuce. Aka zauna shawara a ƙofar masallacinsu. Wani ya ce a nemi mota a zaga ta gada. Mai gari ya ce hanya ta yanke kwana huɗu ke nan, ko amalanke ba ta fita. Wani ya ce a jira gobe a samo wani jirgi. Liman ya dubi makara, ya dubi Hasan. Gawa ta kusa kwana ɗaya da wuni, ga zafin damina. Hasan ya ce a haƙa. Aka binne Baba Sumana kafin faɗuwar rana, a tsakiyar mutanen da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. A Tondibiya aka mayar da ƙasa cikin rami wofi.

Kowa ya yi ta cewa kala suru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, ƙasar nan ce ta kira shi. Na yarda ba mai kwanciya inda ba a rubuta masa ba. Amma na kuma san da hannun wa aka rubuta wannan.

Washegari na shiga Katako. Farfelar tana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta. Mai aikin ya ce, "Malam Illa, tun kahin ruwan hwari na gama ta, na ɗauka ka manta." Na kai ta tsibirin, inda aka dawo da bak wofi, na ɗaura. Na tsaya a bakin gaɓa na kira duk wanda na gani, har jirgi ya nutsa kamar jiya. Ruwan bai ragu ba ko kaɗan. Muka fita daga bayan tsibirin, moter ya buɗe murya fes, bak ya tafi a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ya kai mu ƙarƙashin tudun maƙabarta ba tare da ya ja baya ko taku ɗaya ba.

Ranar sadakar bakwai na ja Hasan gefe, bayan gidan, inda ubansa yake tara tsofaffin motocin jirgi. Na gaya masa komai, tun daga rani har zuwa shirun da na yi a bakin gaɓa. Na ce ban zo neman ya ce ba komai ba, na zo ne don kada ya ci gaba da ɗora wa ruwa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Illa, a gidan nan aka haife ni. Kana tsammani kai kaɗai Baba ya koya wa sauraron moter? Tun Hamidu ya sa giya na ji. Ni ne ɗansa, da na yi magana ba wanda zai musa. Na dubi kawunnaina na kasa."

Muka zauna a kan wani tsohon moter har aka kira mu cin abinci.

Bayan shekara huɗu matar Baba Sumana, Inna Hamsa, ta kwanta ciwon ajali. Danginta duka suna tudun Tondibiya, amma ta ce a kai ta hayin Gurma wurin mijinta, kada a bar shi shi kaɗai. Rasuwarta ta zo da damina ita ma, jan ruwa a cike. Farfelar kaya ce a jikin moter, na duba ta da hannuna da safe. Duk da haka da maza suka fara shiga na ga inda ruwa ya kai, sai na sa Hamidu ya tayar da moter ya sa giya muna ɗaure, na saurara. Sannan na tsaya a bakin bak na ɗaga murya na ce mutum goma sha ɗaya za su sauka, na nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanin limamin tsibirin da kawun Hasan da wani dattijo da ya zo tun daga nesa. Dattijon ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin an kori mai rakiyar gawa ba, ya tambaya ɗan wane ne ni. Hasan ya tashi daga wajen makara, ya fara kama hannun kawunsa ya taimaka masa ya sauka.

Mun kai ta kafin la'asar, an kwantar da ita a gefensa. A cikin goma sha ɗayan nan akwai uku da har yau ba sa amsa gaisuwata.